Inda Biri Ke Buga Ganga

Mu mutanen ƙasar Zazzau birai iri biyu muka fi sani. Akwai jan biri, wanda yakan hana yara barcin safe da kaka saboda tsaron masara. Akwai kuma gwaggon biri, wanda masu wasa sukan ja da sarƙa a kasuwar birnin Zariya, su sa masa 'yar riga, yana tsalle ana jefa kuɗi. Amma a ƙasarmu akwai wani babba, baƙi, marar wutsiya, wanda Turawa ke kira cimfanzi. Masu jin Hausa na Gashaka kuwa sun sa masa suna mai daɗi, wato biri mai ganga. Dominsa muka tashi, mu malamai huɗu daga Wusasa, a hutun Kirsimeti na 2009.

Tafiyar ba ta raggo ba ce. Muka bi ta Jos da Bauci da Gwambe, muka kwana a Jalingo, kashegari muka wuce Bali har Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake. An kafa gandun a 1991, shi ne mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya ɗara murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan. Daga Serti mota ta kai mu ƙauyen Gashaka da ƙyar, sa'an nan sai ƙafa, har muka isa Kwano a tsakiyar kurmi.

A Kwano ne wani shehun malami na jami'ar Landan, Volker Sommer, ya kafa sansanin binciken birai a shekara ta 2000. Kada mai karatu ya zaci wani babban gini ne. 'Yan ɗakuna ne kawai, da ɗalibai baƙi da na gida, da mutanen ƙauyukan wurin waɗanda suka san kurmin kamar tsakar gidansu. Ruwan da ake yi a can a shekara ya kusa ninka na Zariya, don haka itatuwa sun haɗe kai a sama, da tsakar rana ma sai ka ce magariba ta yi.

To, ina gangar? Wanda ya taɓa zama a gindin rimi a cikin birni, wajen Rimin Doko ko Rimin Tsiwa, ya san yadda saiwoyinsa ke tashi kamar katanga. Manyan itatuwan kurmi haka suke. Birin yakan zo a guje, ya yi ta dukan saiwar da hannu da ƙafa yana ihu, ƙarar kuwa ta tafi nesa, 'yan'uwansa su san inda yake. Da asubar kwana na biyu muka ji ta daga ƙetaren kwari. Mai yi mana ja-gora ya ɗaga hannu, dukanmu muka yi tsit.

Shi kansa birin ba mu gan shi ba, gama yana gudun mutum, kuma yana da dalili. Aikin hannunsa muka gani. Kowace yamma yakan tanƙwara rassa a saman itace ya yi wa kansa sabon gado, muka ƙidaya irin waɗannan guda shida a wuri ɗaya. Aka nuna mana tsinkaye da ya fere ya bari a bakin rami. Da waɗansu yake ɗebo zuma, da waɗansu kuma yake kwaso ƙwarƙwasa ya ci ba tare da ta cije shi sosai ba. Muka riƙe tsinken nan muna juya shi. Lalle biri ya yi kama da mutum, Mahaliccinmu kuwa bai yi rowar hikima ga sauran halittunsa ba. Ɗaya daga cikinmu ya tuna mana cewa a 1 Sarakuna sura 10, birai suna cikin kayan da jiragen ruwa ke kawo wa Sarki Sulemanu tare da zinariya da hauren giwa. Ashe fataucin nan ya daɗe.

Ba za mu ce manomi ba shi da gaskiya ba. Masu binciken sun bi garken gwaggon biri biyu shekara da shekaru, ɗaya a kurmin Kwano, ɗaya kusa da gonakin Gashaka. Suka tarar masu cin gona sun fi saurin haihuwa, 'ya'yansu kuma sun fi rayuwa. Wanda aka cinye wa masara ba ya bukatar takardar jami'a kafin ya san haka.

Amma biri mai ganga lissafinsa dabam ne. Irin namu ba a samunsa sai a Nijeriya da Kamaru, kuma a ƙiyasin masana na 2011 waɗanda suka rage tsakanin 3,500 ne da 9,000. Macen takan yi wajen shekara biyar kafin ta sake haihuwa. Jaririn kuwa a manne yake da jikinta dare da rana, ba mai iya ɗauke shi sai ya harbe ta tukuna. Haka abin yake ga yawancin 'ya'yan birai da ake tallarsu a bakin hanya, ko aka ɗaure a bayan gida don yara su yi wasa. Iyaye, in aka kawo muku ɗan biri, kada ku saya, ko da tausayinsa ne ya kama ku, domin kuɗin nan ne ke mai da maharbi daji.

Waɗansu marayun sukan yi sa'a. Tun 1991 ƙungiyar Pandrillus take karɓar irinsu a Kalaba, daga baya ta buɗe wani wuri a gindin dutsen Afi a jihar Kuros Riba, inda suke zama garke-garke a cikin kurmin da aka kewaye. Biri mai ganga yakan kai shekara 40 ko fiye, saboda haka wanda aka kai can yana jariri, ciyar da shi aikin rabin rayuwar mai kiwonsa ne.