Tafinta Tsakanin Masani da Manomi

Hausawa sun ce ilmi gishirin zaman duniya ne. To, amma gishiri kome kyansa ba ya amfanin kowa muddin yana ɗaure cikin buhu, sai ya shiga tukunya. Haka ilmin masana yake. Likita ya san cuta, injiniya ya san inji, mai binciken gona ya san abin da ƙasa take so, amma yawancinsu in sun yi rubutu 'yan'uwansu masana kaɗai ke ganewa. Saboda haka ake bukatar wani mutum a tsakani, wanda zai ɗauko maganar masani ya warware ta, ya rubuta yadda mai fartanya zai karanta ya yi aiki da ita ba kuskure. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, har ana yi mata karatu mai zurfi a jami'a.

Ba yau aka fara ta a ƙasar Hausa ba. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, wadda Dokta East ke shugabanta, ta sa gasar rubuta littattafai, a nan aka gane gwanintar Malam Abubakar Imam, wanda ke koyarwa a Midil ta Katsina. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, shi ne editanta na Hausa. Shi da East suka rubuta Ikon Allah, inda suka bayyana halittu da al'amuran kimiyya da Hausar da yaro zai gane. Ta wajen noma kuwa, tun 1922 ake bincike a Samaru. A 1963 aka kafa wani sashe a can, aikinsa ya kwaso abin da masu bincike suka gano ya mai da shi takardun da malaman gona za su kai ƙauyuka, a 1987 kuma aka faɗaɗa shi ya game Nijeriya duka. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, shi ma da ƙafar malaman gona ya shiga gidajen manoma.

A ƙasar Danja, inda ake noman masara da dawa da damina, da rani kuma tumatir da albasa da rake, an yi wani magidanci da bai koyi boko ba sai da ya girma, a ajin yaƙi da jahilci. Ya sa ɗansa makaranta, yaron ya yi shekara biyar yana karatun aikin gona a jami'a, ya yi shekara guda ta bautar ƙasa, ya komo gida. Uban yana jiran ya ji an ce ya sami aiki, sai yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, ina neman izini in koma in yi digiri na biyu, a fannin isar da ilmin gona ga manoma."

Uban ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kai ɗan nan, karatun ba ya ƙarewa ne? Ga ƙannenka, ga uwarka ta zuba ido. Kuɗin nan kuwa ba inda za su fito sai an sai da ɗaya daga cikin shanun huɗa. Magana da manomi har sai an koya maka? Kai ba ɗan manomi ba ne?"

Yaron bai yi gardama ba, sai ya ɗauko wata takarda ta shawarar takin zamani, wadda aka fassara da Hausa, ya miƙa masa. Uban ya karanta tsaf, ba inda ya yi tuntuɓe. Takardar ta ce a sa wa masara kilo 120 na naitirojin, da kilo 60 na fosfet, da kilo 60 na fotash a kowace hekta. Ya ajiye ta ya ce, "Kowane baƙi na karanta shi, amma ban san abin da zan zuba a gindin masara ba."

Yaron ya zauna ya yi masa lissafi. Ya ce hekta fili ce mai mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. Buhun taki mai lamba 15:15:15 kilo 50 ne, cikinsa kuwa akwai kilo bakwai da rabi na kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan uku. Watau buhu 8 sun biya fosfet da fotash duka, da rabin naitirojin. Sauran rabin sai a cike shi da yuriya, wadda kowane buhunta ke ɗauke da kilo 23, watau buhu biyu da rabi da ɗan ɗori. Ya yanko kara biyu, ɗaya santimita 75 don tsakanin kunya da kunya, ɗaya santimita 25 don tsakanin shuka da shuka. Ya ce in an bi awon karan nan hekta za ta ɗauki gindi dubu 53 da 'yan kai, kowane gindi ya tashi da giram bakwai da rabi na takin farko. Ya kawo murfin kwalba, ya auna abin da yake ci a ma'auni, ya nuna wa uban yawan da zai riƙa ɗiba.

Uban ya jujjuya karan a hannunsa ya ce, "Ashe buhu takwas ne da kara biyu da murfin kwalba. Me ya hana mai takardar ya faɗi haka tun farko?" Yaron ya ce, "Baba, bai koya ba ne. Abin da nake so in je in koyo ke nan." Bayan kwana uku aka kai sa kasuwa. Amma uban ya kafa sharaɗi, ya ce duk takardar da ya rubuta sai ya fara karanta wa dattawan ƙofar gida, in ba su gane ba ya yaga ya sake.

Sharaɗin nan kuwa shi ne gindin karatun duka. A Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ana yin digiri na biyu da na uku a fannin yaɗa ilmin gona, a Jami'ar Bayero ta Kano kuma ana yin su a fannin sadarwa. Digiri na biyu yakan ci wajen shekara biyu, ƙarshensa ɗalibi ya yi bincike ya rubuta kundi. Abin da ake koya shi ne sanin wanda za a yi wa magana, da tsara bayani daki-daki, da amfani da zane da rediyo da wayar hannu, da komawa ƙauye a gwada ko saƙon ya shiga.

Wanda ke da niyyar wannan hanya, abu na fari ya san fanni guda sosai, ko gona ko lafiya ko inji, gama wanda bai gane abu ba ba ya iya sauƙaƙa shi. Na biyu ya riƙe lissafi, don kuskuren lamba ɗaya ya isa ya ƙone gona. Na uku ya gyara Hausarsa da Turancinsa, ya kula da baƙaƙe masu lanƙwasa, gama "a zuba a ƙasa" dabam, "a zuba a kasa" dabam. In ya iya ajami ya ƙara riba, don akwai dattawa da yawa da suka fi sakewa da shi. Na huɗu ya tara abin nunawa tun yana ɗalibi, kamar takardar shawara da ya rubuta ko shirin rediyo da ya tsara, domin masu ɗaukar ma'aikata, ko ma'aikatar gona ko kamfanin iri ko gidan rediyo, sun fi son ganin aiki bisa ga jin labarinsa.

Kada a ɗauka abin na taki ne kurum, har da rai a ciki. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, mutane suka rufa wa maganin feshi. A jikin kwalbar akwai zanen launi, ja shi ne mafi dafi, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Akwai kuma yawan kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a tsinki tumatir a kai kasuwa. Duk wannan a rubuce yake, amma da Turanci da ƙananan baƙaƙe. Wanda ya mai da shi Hausa mai sauƙi ya tsare mai feshi, ya tsare mai saye.

Masu karanta wannan littafi sun riga sun hau matakin farko, tun da sun kori jahilci. In takarda ta zo hannunsu suka karanta ba su gane ba, kada su zargi kansu, su tambayi malamin gona har sai ya bayyana. In kuwa Allah ya ba su ɗa ko 'ya mai kaifin kai da daɗin baki, su yi haƙuri su bar shi ya kai ƙarshen karatunsa. Allah ya ba da ilmi mai amfani, amin.