Ranar da kyamara ta faɗa kanal a Kura

DUK mai kallon finafinanmu ya san irin wurin, ko da bai taɓa zuwa ba: fili kore shar, ruwa na gudu a gefe, jarumi da jaruma su na waƙa, alhali gari ana tsakiyar rani. Irin wannan fili ne ya cika yankin Kura da Bunkure, inda ruwan Dam ɗin Tiga, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka gama a 1974, ya ke bin kanal-kanal ya shayar da shinkafa da alkama da tumatir. To, a bakin ɗaya daga cikin kanal ɗin nan ne wani matashi mai ɗaukar hoto ya ga tashin hankalin da har yau bai manta ba.

Shekara huɗu ya yi ya na ɗaukar wa wasu jaka da ƙafar kyamara kafin a yarda a ba shi fim guda ya ɗauka da kansa. Kyamarar ma ba tasa ba ce. Haya aka karɓo a wani ofis da ke Zoo Road, kuma kuɗinta ya fi abin da zai samu a shekara. Kwana uku su na lokeshin, saura waƙa ɗaya a tashi. Darakta ya ce ya na so a bi jaruma ta na tafiya a bakin ruwa. Yaro ya riƙe kyamara ya na ja da baya, idonsa na kan hoto. Bai lura da gansakukar da ta kama simintin ba. Sai ji aka yi tsundum!

Ruwan iya ƙugu ne, shi bai ji ciwo ba. Amma kyamara ta nutse kafin ya ɗago ta. Nan fa aka yi caa a kansa. Darakta na cewa, "Kunna mu gani ko ta na yi!" Furodusa ya dafe kai ya na salati.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri, ba zan kunna ba," in ji shi, jikinsa na rawa. Ya zare batir, ya cire katin da aikinsu ke ciki, ya kwance gilashin gaba.

Wannan taurin kan ne ya cece shi. Ruwan kanal ba ruwan kwalba ba ne. Akwai laka a ciki, akwai gishirin ƙasa da na takin zamani. Irin wannan ruwa ya na ɗaukar wutar lantarki. Da zarar an kunna, wuta ta bi hanyar da ba tata ba, sai allon da ke ciki ya ƙone. Ko a kashe ta ke, muddin batir na jiki, akwai wuta a wasu sassan. Shi ya sa cire batir ke gaba da komai.

Wani dattijo da ke ban ruwa a gonarsa ya matso. "Ɗana, kawo ta mu tura a buhun shinkafa, kwana biyu ta bushe." A Kura kuwa shinkafa ba abin nema ba ce. Yaro ya russuna ya ce, "Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma," amma bai miƙa ba. Shinkafa ba ta isa ta zuƙo ruwan da ya shige can ciki ba, kuma garinta da ƙurarta na iya cusa kansu a ramuka su ƙara ɓarna. Ko kamfanin Apple, a 2024 an yi ta yaɗa gargaɗinsa cewa kada a sa jiƙaƙƙiyar iPhone a shinkafa. Wani kuma ya ce a shanya ta a kan mota ta sha rana. Ita ma ya ƙi, don zafi na lalata roba da gam, ya kuma kora tururi cikin gilashi. Abin da ya yi kawai shi ne ya buɗe duk wata ƙofa da ke jikinta, ya kifa ta ruwa ya tsiyaye, ya goge da tsumma mai tsabta, ya ajiye a inuwa.

A mota, kan hanyar Zariya zuwa Kano, wani abokin aiki ya raɗa masa: "Ka bari ta bushe ka mayar salin-alin. Wa zai sani?" Ya daɗe ya na juya maganar. Ya san in ya faɗi gaskiya, wataƙila ba mai sake ba shi kyamara a industiri. In kuma ya ɓoye, laka na nan ciki ta na cin allon, gobe ta mutu a hannun wani bawan Allah. Kafin su shiga gari ya buga waya: "Oga, na yi ɓarna." Shiru ya biyo baya. Can mai kyamara ya ce, "Ka kunna ta?" Ya ce a'a. "To, wuce da ita wajen mai gyara yanzun nan."

A daren mai gyara ya kwance ta. Ya wanke lakar da ɗan buroshi da sinadarin nan mai saurin bushewa da masu gyaran waya ke wanke allo da shi, don in aka bar laka ta bushe a ciki, tsatsa ce za ta biyo baya. Sannan ya rufe sassan a roba tare da 'yan ƙullin nan masu ƙwayoyi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, waɗanda aikinsu shan danshi ne. Ya ce a dawo bayan kwana biyar.

Amma abin da ya hana yaro barci shi ne katin. Kwana uku ana ɗauka, bai juye ko sau ɗaya a kwamfuta ba. Wannan kam sakacinsa ne, shi ma ya sani. Kuɗin 'yan wasa, kuɗin mota, abinci, duk su na cikin abin da bai fi farce girma ba. Ya ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, ya bar shi ya kwana biyu ya bushe. Da aka sa a kwamfuta, sai ga komai daram. Da a zamanin kaset ɗin MiniDV ne, da sai dai addu'a, don jiƙaƙƙen zare na iya mannewa ya tsinke.

Ranar ta biyar kyamara ta kama. Gilashin gaba ne bai tsira ba. Hazo ya zauna a ciki ya ƙi fita. Wata shida ya yi ya na biyan kuɗinsa kaɗan-kaɗan. Mai kyamarar kuma bai daina ba shi haya ba.

Yanzu in za shi bakin ruwa, igiyar kyamara na wuyansa, akwai yaro a bayansa riƙe da rigarsa, kuma ba ya kwanciya sai ya juye aikin ranar wuri biyu. Masu sha'awar shigowa harkar nan, sai a kula. Allah ya kiyaye gaba.