Ka Duba Unguwa Kafin Ka Duba Ɗaki

Da yawa daga cikinmu ɗalibai a gidan haya muka tashi, amma da wuya ka ji ana hirarsa a aji. Mukan ɗauka zancen haya na manya ne: uba ya nemo, ya biya, mu kuma mu kwashi kaya mu bi. Alhali kuwa mu ne masu ɗibar ruwan gidan, mu ne masu taka hanyar makaranta safe da rana, mu ne kuma masu karatu da fitilar waya idan an ɗauke wuta. Shi ya sa nake so in ba 'yan uwana labarin yadda muka nemi gida a ƙaramar hukumar Kumbotso, da abin da na ƙaru da shi.

Kumbotso ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, kuma tana cikin guda 8 da ake kira birni da kewaye. A ƙidayar 2006 mutanenta sun kusa 300,000, amma duk wanda ya san Panshekara ko Mariri ko Na'ibawa a yau ya san an wuce nan nesa ba kusa ba. Wuraren da iyayenmu suka sani gonakin gero da dawa ne, yanzu duk sun zama layuka. Babban abin da ya jawo jama'a shi ne masana'antu. Kano tana da manyan rukunin masana'antu uku: Bompai a ƙaramar hukumar Nasarawa, sai Sharaɗa, sai Challawa da ke cikin Kumbotso. Ma'aikaci yana son kwana kusa da wurin aikinsa, cikin ganuwa kuwa ya cika, don haka sai a fantsamo waje neman haya.

Mahaifina ma'aikaci ne a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Shekara tara muka yi a gidan yawa, ciki da falo, mu da iyalai huɗu, banɗaki biyu. Bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin komai ya tashi, daga kuɗin mota har buhun siminti. Sai mai gidanmu ya aiko cewa kuɗin haya ya kusa ninkawa, wanda ba zai iya ba ya tashi idan shekararsa ta cika. Wata uku ya rage mana. A lokacin ina shirin shiga ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawar WAEC da NECO suna gabana. Idan muka yi nisa, ko dai in sauya makaranta a shekarar da ba a sauyawa, ko kuma kuɗin mota ya cinye na cefane.

Baba ya samu dillali. Aikin dillali shi ne ya nuna maka gida, ya karɓi la'adarsa idan ciniki ya faɗa. Ba zai yi maka ƙarya lallai ba, amma ba shi zai kwana a gidan ba. Saboda haka Umma ta ce: "Malam, duk gidan da za a je gani, da ni za a je, da yarinyar nan." Baba ya yi dariya, ya ce: "To, 'yar boko, ɗauko littafinki, ke ce akawunmu."

Gida na farko yana kusa da rukunin masana'antu na Challawa. Ɗaki biyu da falo, sabon fenti, ga tsakar gida mai faɗi, kuɗinsa kuma ya fi na ko'ina sauƙi. Da safe muka je, komai lafiya. Umma ta ce a dawo da yamma. Da muka dawo iska ta juya, sai ga wani wari da ya sa ƙanena toshe hanci. Challawa matattarar kamfanonin jimar fata ce. Jima tsohuwar sana'ar Kano ce da ta ciyar da dubban gidaje, sai dai jimar zamani tana amfani da sinadarai, ciki har da wanda ake kira kuromiyom, kuma masu bincike sun daɗe suna gargaɗi a kan dagwalon da ke gangarawa zuwa kogin Challawa idan ba a tace shi ba. Ruwan gidan kuwa daga rijiya mara zurfi yake. Autarmu tana da ciwon asma. Umma ba ta ce komai ba sai a hanya: "Araha ba ta ado."

Gida na biyu a Ɗanbare yake, daura da sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo. Unguwa ce mai rai, ga shaguna, ga masu karatu ko'ina, ni kam ta burge ni. Amma inda ɗalibai suka yi yawa, masu gidaje sun fi son yanka ƙananan ɗakuna su ba ɗaiɗaikun mutane, don haka gidan iyali yana da tsada. A nan littafina ya yi rana. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, A Daidaita Sahu ne abin hawan talaka. Na ce, a ƙaddara kowane yaro zai biya Naira 200 zuwa, 200 dawowa. Mu uku ne 'yan makaranta, ke nan Naira 1,200 a rana, 6,000 a mako. Zango uku na kimanin mako 13 kowanne ya kama mako 39, jimilla Naira 234,000 a shekara, ban da kuɗin motar Baba zuwa Sharaɗa. Baba ya karɓi littafin ya sake dubawa da kansa, ya miƙo mini, ya ce wa dillali mu tafi. Ranar na gane cewa kuɗin haya ba wanda ake miƙa wa mai gida ne kaɗai ba. Akwai wanda ake biya kullum a titi, da wanda ake ba 'yan garuwa, da wanda ake kaiwa kemis.

Gida na uku a Medile yake. A ido shi ya fi kowanne muni: tsohon fenti, ƙofar kicin ta karye, ɗakunan ba su kai na Challawa girma ba. Amma kowannenmu ya yi nasa binciken. Umma ta yi sallama ta shiga gidaje uku na maƙwabta, abin da Baba ko dillali ba za su iya ba, tunda namiji ba ya shiga gidan matan aure. Ta tambayi matan abin da su kaɗai suka sani: nawa ake sayar da jarkar ruwa, ko rijiyar burtsatsen layin tana ƙafewa da bazara, su wa ke zama a bakin layi bayan isha'i, ko yarinya za ta iya zuwa Islamiyya ta dawo ba a tare ta ba. Wata dattijuwa ta ce mata: "'Yata, duba gindin katanga. Inda ruwan damina ya taɓa kwanciya, sai ya bar zane." A Kano watan Agusta ne ruwa ya fi sauka, wanda kuwa ya ga gida da rani bai ga rabinsa ba. Muka duba katangar, babu zane, kwatar layin kuma a yashe take.

Shi kuwa Baba sallar magariba da isha'i ya yi a masallacin layin kwana biyu a jere. Ya ga sahu cike da magidanta da samari, ya ji ana maganar karo-karon gyaran taransifoma da kuɗin 'yan sintiri. Unguwar da mutanenta ke iya haɗa kuɗi su gyara abu, in ji shi, unguwa ce mai masu ita. Daga nan ya je ya gaida mai unguwa, ya gabatar da kansa, ya kuma tabbatar cewa wanda zai karɓi kuɗin shi ne ainihin mai gidan. Ni kuma na taka da ƙafa daga ƙofar gidan zuwa inda zan hau mota ɗaya tak zuwa makarantarmu, ƙannena kuwa akwai firamare da za su je a ƙasa.

Ranar biyan kuɗi Baba ya nace a rubuta yarjejeniya, ni ce kuma na karanta ta a gaban shaidu biyu. An rubuta ranar shiga da ranar cikar shekara, da wanda zai gyara rufi da masai, da wa'adin da za a ba mu kafin ƙarin kuɗi ko tashi. Aka duba mita don kada mu gaji bashin wutar wani. Aka ba da rasit, Umma ta adana shi tare da takardun haihuwarmu. Mai gidan mutumin kirki ne, amma rubutu ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga zumunci, domin mantuwa ba ta san mutumin kirki ba.

Ban sauya makaranta ba, na rubuta jarrabawata a inda na fara. Ba aljanna muka koma ba: wuta tana ɗaukewa, layin yana caɓewa da damina. Amma ranar da numfashin autarmu ya sarƙe da tsakar dare Baba yana aikin dare, maƙwabcinmu ne ya fito da motarsa ya kai su asibiti, matarsa kuma ta kwana da mu. Wannan ba ya cikin yarjejeniya, ba kuma dillalin da zai nuna maka shi.

Na san akwai ɗaliban da ke jin nauyin a san gidan haya suke, musamman idan wani ya jefa musu kalmar "'yan haya" cikin gatse. Babu abin kunya a gidan da aka biya da gumin halal. Idan zancen tashi ya taso a gidanku, kada ku koma gefe. Ku nemi izinin iyaye cikin ladabi, ku ɗauki biro da takarda, ku lissafa kuɗin mota da na ruwa, ku je da safe ku koma da yamma, ku duba gindin katanga. Fenti ana sake shi a yini ɗaya, amma maƙwabci da iska da hanya, yadda ka same su haka za ka zauna da su.