Mai Sana'a a Ɗakin Aikinsa

Hausawa su kan ce, labarin zuciya a tambayi fuska. Gaskiya ne, amma fuska ba ta faɗin sana'a. In maƙeri da baduku da malamin makaranta suka tafi wurin mai ɗaukar hoto, ko wannensu ya sa rigarsa ta salla, suka zauna bi da bi bisa kujera guda, a gaban labule guda, to, jikokinsu ba za su iya rarrabe mai guduma da mai alƙalami ba.

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Amurka, sunansa Arnold Newman, wanda da irin wannan aiki ya soma. An haife shi a birnin New York cikin 1918. Da fari zane ya ke koyo a jami'a, sai kuɗi ya yanke masa bayan shekara biyu. Cikin 1938 ya kama aiki a wani shagon hoto a Philadelphia, inda a ke ɗaukar mutum a kan santi 49, watau bai kai rabin dala ba. Wannan ya tashi, wancan ya zauna, duk kamar an zuba su a kwami guda. Daga baya sai ya sake dabara. Maimakon mutum ya zo wurinsa, shi ya kan saɓa kayansa ya tarad da mutum inda ya ke aiki. Masu zane ya fara bi.

Cikin 1942 ya shiga ɗakin wani tsohon mai zane, mutumin Holan, Piet Mondrian, wanda yaƙi ya koro daga Turai. Shi wannan dattijo ba ya zana mutum ko doki ko itace. Abin da a ka san shi da shi, layuka miƙaƙƙu, waɗansu a tsaye waɗansu a kwance, da ja da shuɗi da rawaya. Ɗakinsa ma haka ya ke, fes, babu tarkace. Newman ya tsai da shi jikin katakon da ya ke jingina zanensa. Ga mutum siriri a miƙe, ga katako a miƙe, har hoton ya fito kamar Mondrian ne ya zana shi da hannunsa. Wanda bai taɓa jin sunansa ba, in ya duba, ya san mutum ne wanda ba ya son karkata ko a zaren rigarsa. Ya mutu cikin 1944. Abokansa biyu, Harry Holtzman da Fritz Glarner, suka ɗauki hotunan ɗakin da ya yi aikinsa na ƙarshe, a ka bar jama'a su shiga kallo mako shida, sa'an nan a ka kwashe kayan. Da ba don hotunan nan ba, da sai dai a ji a bakin waɗanda su ka gani.

Amma kada mai karatu ya zaci iyakar abin ke nan, a shiga ɗaki a danna na'ura. Mai hoto ne ya ke zaɓen abin da zai shiga da abin da za a bari waje. Cikin 1946 Newman ya ɗauki Igor Stravinsky, mashahurin mai tsara kiɗa, haifaffen Rasha. Ya zaunad da shi jikin piyano, watau babban abin kiɗan nan na Turawa mai murfi. Murfin a ɗage, baƙi wuluk, ya cinye kusan dukan hoton, shi kuwa gwanin yana can ƙuryar hagu ta ƙasa, ya yi tagumi. Wai a nuna kiɗan ya fi mai shi girma. Mujallar da ta sa a yi aikin, Harper's Bazaar, ta ƙi buga shi, sai ga shi ya zama hoton Newman da ya fi ko wanne suna. Abin dariya kuma, piyanon ba na Stravinsky ba ne, na aro ne, gama shi baƙo ne a garin.

Inda ikon mai hoto ya fito fili sarai shi ne cikin 1963, ko da ya ke wannan karon ba mai zane ba ne, mai ƙira ne, irin maƙeran da ba su taɓa guduma. Alfried Krupp shi ne mai manyan ma'aikatun ƙarfe a Essen ta Jamus. A lokacin yaƙin Hitila an sa dubban kamammu aikin tilas a ma'aikatunsa. Kotu a Nuremberg ta ɗaure shi shekara 12 cikin 1948, amma cikin 1951 a ka sake shi, a ka mayar masa da dukiyarsa. Mujallar Newsweek ta aiki Newman ya ɗauko hotonsa. Newman kuwa Bayahude ne, ya san abin da a ka yi wa danginsa a ƙasar nan.

Ya zaunad da Krupp a ma'aikatarsa, ginshiƙai biyu sun sa shi tsakiya. Ya ajiye fitila guda dama, guda hagu, har inuwa ta kwanta a tsakiyar fuska. Ya ce masa ya ɗan sunkuyo. Krupp ya sunkuyo, ya harɗe yatsu ƙarƙashin haɓa. Da hoton ya fito, sai ka ce Iblis ne zaune a ƙofar gidansa.

A nan hankali ya kan rabu biyu. Mutumin ya cancanci abin da ya fi haka, babu shakka. Duk da haka baƙo ne ya shiga wurin mai gida, a ka ba shi wurin zama, ya fita da abin da mai gida bai san ya bayar ba. Fitilun nan biyu kuwa ba su san mai laifi ba, in an ajiye su haka gefen wani tsohon masaƙi mai gaskiya, irin inuwar za su yi masa. Krupp ya husata ƙwarai da ya ga hoton. Newman kuwa bai taɓa ɓoye cewa da gangan ya yi ba, har ya mutu cikin 2006.