Ba Kowane Busasshen Nama Ne Kilishi Ba

A wannan wata mun ajiye zancen makaranta da jarrabawa, za mu ba ku labarin wani kare da ya sauka a gidanmu da kuma abincin da ya zo da shi. Mun san wasu za su ce Malam ya rasa abin rubutawa ne, amma ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, domin kuwa maganar ta shafi yaranmu, ta kuma shafi mahautanmu.

A watan Yuni na 2023 ne wani dattijo ɗan garinmu, wanda duk muke kira Baba Maigadi, ya yi mana sallama bayan la'asar, riƙe da igiyar wani ƙaton kare baƙi, ga yaro a bayansa ɗauke da kwali. Baba ya fi shekara goma yana gadin gidan wani Bature a unguwar Bastos, nan Yawunde. An yi wa Baturen canjin wurin aiki zuwa wata ƙasa, bai sami halin tafiya da karen ba, sai ya bar wa Baba shi tare da katin allurarsa da kwalin abincinsa. To Baba kuwa ɗaki ɗaya gare shi a gidan haya cikin Birketiri, inda mutum da mutum ma da ƙyar suke gifta juna a lungu, balle a kawo kare.

Ya ce, "Malam, amana ce aka ba ni, ni kuma ba ni da inda zan ajiye ta. Kai kana da fili da katanga. Shekara biyar muna kwana tare da dabbar nan a bakin ƙofa, ba zan iya sakinsa a titi ba."

Mu kuma a lokacin ɓarayi sun haura mana sau biyu, sun kwashe kaji da tukunyar gas. Iyayenmu can arewa sun ajiye karnuka don farauta da tsaron garke, saboda haka abin ba baƙo ba ne gare mu. Muka karɓa bisa sharaɗin cewa zai zauna a tsakar gida ta baya, ba zai shiga ɗaki ba. Yara suka laƙaba masa suna Baƙo.

Da muka buɗe kwalin sai muka ga ledoji masu hoton saniya a jiki. Cikin kowace leda akwai gutsattsarin nama, launinsa ja-ja mai duhu, ba shi da nauyi ko kaɗan, in ka matsa shi da yatsa sai ya marmashe. Baba ya koya mana yadda ake yi: a zuba manyan a kwano, a sa ruwan ɗumi, a jira kaɗan su jiƙa su koma nama, sannan a ba shi, ƙananan kuwa tukwici ne, ana miƙa masa ɗaya idan an ce ya zauna ya zauna. Uwargida ta ɗaga guda ta duba, ta yi dariya ta ce, "Ikon Allah! Malam, yau ga kare da kilishinsa." Duk muka yi dariya, har da yara. Ashe wannan raha ita za ta ja mana kwanan asibiti.

Cikin mako na uku autanmu, ɗan shekara 6, ya tashi da zazzaɓi da gudawa da ciwon ciki. Muka ɗauka zazzaɓin sauro ne kamar yadda aka saba, amma gwaji bai nuna shi ba, yaro kuwa sai ƙara yin laushi yake yi. Sai da aka kwantar da shi aka sa masa ƙarin ruwa sannan yayarsa ta fashe da kuka ta ce, "Baba, kilishin Baƙo muka ci, ni na tofar, shi ya cinye." Likita ta ce a kawo ledar. Ta juya bayanta ta nuna mana da yatsa: an rubuta da Turanci da Faransanci cewa naman ɗanye ne, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, a wanke kwanon, a kuma ajiye shi inda yara ba za su kai ba. Mu da muka yi shekara 20 muna ce wa 'yan makaranta su karanta tambaya kafin su amsa, ba mu karanta bayan leda ba. Gwajin bayan gida ya nuna ƙwayar cutar da ake kira salmonela. Likitar ta ce ko daga naman ta fito, ko daga kwanon, ko daga bakin karen da yake lasar hannun yaro bayan ya ci, duk hanyar guda ce. Kwana uku muka yi, Allah Ya ba shi lafiya muka dawo gida.

Bayan hankali ya kwanta muka ce sai mun san ko menene wannan abu. Muka je wurin likitan dabbobi, muka kuma zauna da abokin aikinmu mai koyar da kimiyya. Ga abin da muka fahimta.

Ana yanka ɗanyen naman sa, a daskarar da shi da sanyin da ya wuce na firjin gida nesa ba kusa ba, har ruwan da ke cikinsa ya zama ƙanƙara. Daga nan a sa shi cikin wani rufaffen inji a zuƙe iskar da ke ciki. Idan babu iskar da ke danne ta, ƙanƙarar ba ta narkewa ta zama ruwa, sai dai ta tashi kai tsaye ta zama tururi ta fice. Kun dai san kafur da mata ke sawa cikin akwatin tufafi, yadda yake ƙanƙancewa har ya ɓace ba tare da ya jiƙa zane ba. To haka ƙanƙarar take barin naman. Kusan kashi 70 cikin 100 na tsokar nama ruwa ne, shi ya sa abin da ya rage ba ya da nauyi, kuma sai an busar da wajen kilo 3 ko fiye na ɗanyen nama kafin a sami kilo 1. Dabarar ba sabuwa ba ce. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da ita aka riƙa adana ruwan jini da maganin fenisilin don kai wa sojoji, daga baya aka yi amfani da ita wajen yin garin kofi da abincin masu zuwa sararin samaniya.

Abin lura a nan shi ne, daga farko har ƙarshe naman bai ga wuta ba. Sanyi da bushewa ba su kashe ƙwayoyin cuta duka, da yawansu kwanciya kawai suke yi, da zarar sun sami ruwa da ɗumi sai su farfaɗo. Abokin aikinmu ya ba mu misalin da ba za mu manta ba. Ya ce mu dubi tabon da ke hannun yaranmu na allurar BCG da ake yi wa jarirai saboda tarin fuka. Wannan allura ƙwayar cuta ce mai rai wadda aka raunana, kuma da irin wannan busarwa ta sanyi ake adana ta cikin kwalba, don a same ta da ranta ranar da za a dama ta da ruwa. Wato dabarar da masana suka zaɓa don ƙwayar cuta ta daɗe ba ta mutu ba, ita ce aka busar da naman Baƙo da ita. Gaskiya ne wasu kamfanoni sukan matse naman da ƙarfin inji mai tsanani don rage ƙwayoyin kafin su busar, amma ba kowa ke yi ba, kuma mai saye a nan ba shi da hanyar ganewa da ido.

Yanzu ku kwatanta da namu. Mai kilishi a Gaundere ko a nan Birketiri yakan feɗe naman ya yi shi fale-fale, ya shanya a rana, ya tsoma cikin labu na tunkuza da albasa da citta da barkono da gishiri, ya sake shanyawa, sannan daga ƙarshe ya ɗora a kan wuta ya gasa. Kakanninmu ba su da inji, ba su san sunan salmonela ba, amma ba su yarda su miƙa wa mutum nama ba sai ya bi ta wuta. Kamannin ne kawai ya zo ɗaya, kuma kama da wane ba ta wane.

Mai karatu zai tambaya, to me ya sa mutane suke kashe kuɗi su ba kare ɗanyen nama? Wannan ra'ayi ya yaɗu ne tun bayan da wani likitan dabbobi ɗan Ostireliya mai suna Ian Billinghurst ya fitar da littafi a 1993 yana cewa a ciyar da kare da ɗanyen nama da ƙashi. Hujjar masu bin wannan hanya ita ce asalin kare kyarkeci ne, kyarkeci kuwa ba a dafa masa. Amma a 2013 masu bincike a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa cikin dubban shekarun da kare ya yi tare da mutum, jikinsa ya sami ikon narkar da abincin hatsi fiye da na kyarkeci. Ashe karen ƙauyenmu da ya tashi da ƙanzo da sauran tuwo ba zaluntarsa aka yi ba. A Amurka kuma, hukumar da ke kula da abinci da magunguna ta gwada abincin dabbobin gida tsakanin 2010 da 2012. Cikin samfur 196 na ɗanyen abincin karnuka da kyanwowi, an sami salmonela a 15, an sami wata ƙwayar mai suna listeriya a 32, ita kuwa listeriya tana da haɗari ƙwarai ga mace mai ciki. A 2012 ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta fito ta shawarci mutane su guji ba dabbobinsu naman da ba a kashe wa ƙwayoyin cuta ba. Karen kansa yana iya ci ya kwana lafiya, amma ya riƙa zubar da ƙwayar cikin kashinsa a tsakar gidan da yara ke rarrafe.

Ba mu zubar da sauran ledojin ba, domin almubazzaranci ne. Muka kulle su a akwati, muka riƙa tafasa naman kafin mu ba shi, har kwalin ya ƙare. Wani ɗan ƙanenmu da ke karatu a Turai ya duba mana farashinsa, sai muka ga kuɗin leda guda ya isa cefanen gidanmu na kwanaki, alhali Baƙo kan cinye ta cikin kwana biyu ko uku. Albashin malamin makaranta dai kun san shi. Nan maganar ta mutu.

Ranar da muka fara ajiye masa dafaffen tsakin masara da romo, Baƙo ya shinshina ya kau da kai. Kwana biyu yana haka, yara har sun fara roƙo a saya masa nama. Baba Maigadi da ya zo dubiya ya ce, "Ku bar shi, Malam. Ni ma da na bar gidan Bature sai da cikina ya yi kwana biyu yana neman burodi da bota." A rana ta uku ya lashe kwanon tas.

Ga abin da likitan dabbobi ya tsara mana, kuma a kansa muke har yau. Mukan karɓi guntayen nama da tumbi da huhu wurin mahauci mu dafa sosai, mu haɗa da tsaki ko shinkafa da ɗan kabewa. Hanta kaɗan ake sawa, ba kullum ba. Tsoka zalla ba ta isar kare, musamman ɗan kwikwiyo, domin ba ta da isasshen sinadarin da ke gina ƙashi, saboda haka mukan daka ɓawon ƙwai da aka tafasa ya yi laushi mu barbaɗa kaɗan. Ba mu ba shi dafaffen ƙashi, don yana tsagewa ya soke hanji. Ba mu ba shi miyar da ta ji albasa da tafarnuwa, don suna lalata jinin kare. Kun ga ke nan kilishinmu ma bai dace da shi ba, kamar yadda nasa bai dace da mu ba. Kwanonsa daban, soson wankinsa daban, kuma babba ne ke ba shi abinci, ba yaro ba. Allurar haukan kare kuwa ba mu bari lokacinta ya wuce.

Daga ƙarshe muna da kira guda biyu. Na farko ga 'yan'uwanmu masu gadi da masu dafa abinci da direbobi da ke aiki a gidajen baƙi, a Yawunde da Duwala da sauran wurare. Idan maigida zai tashi yakan bar muku kaya, kuma alheri ne. Amma duk ledar da kuka ga hoton kare ko kyanwa a jikinta, ko wadda ba ku gane rubutunta ba, ku kai wa wanda ya iya karatu ya duba gaba da baya kafin ta shiga gidan da ke da yara.

Na biyu ga mahautanmu, waɗanda sana'ar nama a garuruwan ƙasar nan da yawa tana hannunsu tun kaka da kakanni. Mun sha ganin an yanke huhu ko hanta mai ƙullutun ruwa an jefa wa karnukan bakin mayanka. Likitan dabbobi ya gaya mana cewa irin wannan ƙullutu yakan ƙunshi 'ya'yan tsutsa ne. Kare ya ci ɗanye, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita cikin kashinsa, ya koma ga dabba ko ga mutum ya yi masa ƙullutu a hanta, wani lokaci sai an yi tiyata. Abin da bai cancanci tukunya ba, a binne shi da zurfi ko a ƙone.

Baƙo yana nan, ya yi ƙiba daidai, kuma tun zuwansa ba wanda ya sake haura mana katanga. Duk ranar Juma'a Baba Maigadi yakan biyo bayan masallaci ya zauna a bakin ƙofar baya, karen ya kwanta nesa kaɗan da ƙafarsa kamar yadda suka saba. Auta kuma yanzu ko alewa aka ba shi sai ya juya bayan takardar ya kawo a karanta masa.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amanar duk abin da ke ƙarƙashinmu. Sai mun sadu a wata mai zuwa.