Kawu, Su Ma Sato Su Aka Yi?



Bara a watan Agusta, da aka ba yara dogon hutu, na cika wani alkawari da na daɗe ina ɗagawa. Na ce wa babbar 'yata duk ranar da ta kai izu goma zan kai ta Kano ta ga zaki ido da ido. Ta kai, ni kuma na shiga kame-kame. Kuɗin mota na cikin dalili, amma babban dalilin hanya ce. Duk wanda ya san Bakura zuwa Talata Mafara, Mafara zuwa Gusau, Gusau zuwa Tsafe har Funtua, ya san ba a ɗaukar yara a wannan hanya sai an yi shawara da zuciya. Da na je sallamar Inna, sai ta ce, "Wanga tafiya dole ta? Dabbobin da suke gani cikin waya ba su ishe su ba?" Na ce mata alkawari kaya ne. Ta yi mana addu'a, muka fita bayan rana ta ɗaga, ni da 'yata da ƙanenta da ɗan ƙanwata mai shekara bakwai.

Gaskiyar Inna ce, yaran nan a waya suka san namun daji. Akwai fim ɗin katun na The Lion King, wanda ya fito a 1994, da aka tura mana a shagon cajin waya. Sun kalle shi har ban san iyaka ba. Ba sa jin Turancin, amma sun san wane ne sarki, wane ne maci amana, sun san kuraye ne 'yan koren mugu. Tun daga tasha ɗan ƙanwata ke cewa Simba za mu je gani. Ni kuwa a shekarunsa ba a allo na san kura ba. Na gan ta da takunkumi da sarƙa a hannun gardawa ranar kasuwar Mafara, na kuma santa a bakin kakata, da dare, tana fama da wayon Gizo.

Gidan zoo na Kano yana ɗauke da sunan Audu Bako, gwamnan soja na farko na jihar, kuma a zamaninsa aka kafa shi, farkon shekarun 1970. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai da muka sauka daga Adaidaita Sahu shi ne, titin da aka raɗa wa sunan gidan, wato Zoo Road, nan ne matattarar 'yan fim ɗin Hausa. Ofisoshinsu da situdiyo-situdiyo na waƙa da shagunan tace hoto suna jere a benayen titin. Dabbobi na ciki, 'yan fim na waje, katanga ce kawai tsakani.

Mun shiga da hantsi. An yi ruwa da asuba, marka ta wanke itatuwa, ƙasa na ƙamshi. Masu ɗaukar hoto suna bin mutane, masu balan-balan da alawa suna kiran yara. Muka wuce jimina, muka wuce kada da ke kwance kamar gungumen itace, muka tsaya wajen birai muka sha dariya. Yaran dai hankalinsu na wuri ɗaya.

Da muka isa kejin zaki, sai muka tarar da shi yana barci. Ya juya mana baya, jelarsa kaɗai ke motsi tana korar ƙuda. Muka tsaya kusan minti ashirin. Ƙanen 'yata ya ce, "Baba, wannan ba shi ba ne. Na fim ɗin a kan dutse yake tsayawa." Na yi masa bayani cewa zaki na gaskiya yawancin wuninsa barci ne, sai da sanyin yamma da dare yake motsi. Bai gamsu ba. Na ba su labarin yadda a watan Oktoban 2019 wani zaki ya kuɓuce a wannan gidan, unguwa ta kwana cikin zullumi kafin a mayar da shi keji. Nan ne suka ɗan ja da baya, suka fara ba shi girmansa.

A wajen kuraye abin ya faru. Wata kura tana ta kai da komo a jikin ƙarfe, ta je ta dawo, ta je ta dawo. Ɗan ƙanwata ya daɗe yana kallonta, sai ya ja rigata ya ce, "Kawu, su ma sato su aka yi? Nawa aka ce a biya?"

Wani dattijo da ke kusa da mu ya yi dariya, ya tambaye ni daga ina muke. Da na ce Zamfara, sai dariyar ta tsaya. Ni kaina na rasa amsa. Yaro ɗan shekara bakwai ya ga halitta a tsare, kuma fassara ɗaya ce ta zo masa, wadda yake ji a bakin manya kullum. A lokacinmu, in an ce daji, zomo muke tunawa da kanya da magarya da farautar rani. In Sallah ta zo mukan haɗa kuɗi mu tafi madatsar ruwa ta Bakolori mu wuni muna kallon ruwa da masunta. Shi kuwa in ya ji an ce wane yana daji, ya san ana maganar kuɗin fansa ne. Dajin da yake so, mai zaki da barewa da waƙa, a fim kaɗai yake da shi.

Na durƙusa na ce masa a'a, kiwonsu ake yi, ana ba su nama, akwai likitansu. Ya ce, "To ina uwarta?" Ban san me zan ƙara ba, sai na saya masa balan-balan.

Abin da ya ceci wuninmu bai cikin shirina. Can cikin lambu, ƙarƙashin manyan itatuwa, muka ci karo da wasu matasa suna ɗaukar bidiyon barkwanci. Ɗaya na riƙe da kyamara, ɗaya na riƙe da farin allo yana haska fuskar jarumin, jarumin kuma yana gudu wai kura ta biyo shi, alhali ba kowa a bayansa. Sau biyar yana faɗuwa ana cewa a sake. Yaran suka daskare. Karon farko kenan da suka gane cewa fim mutane ne suke yinsa, da ƙafa da gumi, kuma tsoron da ke ciki shiryawa ake yi. Mai kyamarar, Allah ya saka masa, ya kira su ya nuna masu abin da ya ɗauka a ɗan allon.

Daga nan sai wayata ta zama kyamara. 'Yata ta zama darakta, ƙanenta ya zama zaki ya hau wani kututture, ɗan ƙanwata ya ce shi ne kura. Ya kwaikwayi tafiyarta, gaba a tashe baya a ƙasa, har masu wucewa suka tsaya kallo. Da aka zo ƙarshen labari sai ya sauya shi da kansa: kura ta buɗe keji, ta koma wurin uwarta, ba a biya ko sisi ba. Bidiyon minti uku ne, yana rawa, rabinsa ƙafafu ne kawai. Har yau ban goge shi ba.

Daga baya na ga bidiyon wani wuri a jihar Florida ta Amurka mai suna Disney's Animal Kingdom, wanda aka buɗe a 1998. Su can da gangan suka haɗa abin nan biyu. Ana zagayawa da mutane a mota cikin filin da aka saki raƙuman dawa da giwaye, a fito a shiga zauren da ake wasan The Lion King da waƙa da rawa, kuma a 2017 suka ƙara wani sashe sukutum da aka gina kan fim ɗin Avatar. Hutun bazararsu, wanda ya yi daidai da daminarmu, yana cikin lokutan cikarsu. Ba na cewa mu kwafo nasu, kuɗinsu ba irin namu ba ne, tarbiyyarsu ma haka. Mun ga yadda maganar gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji ta ƙare a 2016, bayan malamai da jama'a sun nuna rashin amincewa. Amma abin da na gani a ƙarƙashin itacen nan bai buƙatar biliyoyi. Muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da kura da zomo da dila malamin daji, muna da 'yan wasa a tsallaken titi tun daga Turmin Danya a 1990. Rumfa ɗaya kusa da kejin kura, da mutum biyu masu iya ba da tatsuniya a lokacin hutu, sun isa yaro ya koma gida da wani daji a kansa ban da wanda yake ji a labarai.

Mun kwana biyu a Kano muka juyo, muka iso Bakura kafin la'asar lafiya. Inna ta tambayi ɗan ƙanwata abin da ya gani. Na zaci zaki zai ce. Sai ya ce, "Inna, ni na yi fim." Ya sa ta kalli bidiyon sau uku. Kwanan baya na ji su a bayan gida shi da abokansa suna rabon matsayi, kowa na son zama kura, domin ita ce ke komawa gida.

Iyaye, in hanya ta yi kyau kuma da hali, ku kai su. In babu hali, tabarma da dare da "ga ta nan, ga ta nanku" ba su da kuɗin mota. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya nuna wa 'ya'yanmu dajin da muka sani. Amin.