Maigadin da na sa a wayar Kawu

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, ku yi mini haƙuri. Abu ne da ya kwana biyu yana cin raina.

Ranar Talata bayan la'asar Kawuna ya shigo shagona a nan Minjibir. Daga Wasai yake, ya baro albasarsa a bakin dam, ƙafarsa duk busasshiyar laka. Na ba shi kujera, ya ƙi zama. Ya ciro wayarsa daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda kamar yadda masu noman rani ke yi saboda ruwa, ya ajiye mini a kan tebur.

"Ɗana, duba mini abin nan. Yau ta kunyata ni."

Wai suna zaune a inuwa bayan azahar shi da abokan nomansa, ya ce bari ya kunna musu karatun da aka tura masa. Buɗe wayar ke da wuya sai hoton wata mace rabin jikinta a waje ya rufe fuskar gaba ɗaya, da rubutun Turanci da alamar kuɗi. Tallar caca ce. Ya danna nan, ya danna can, ta ƙi gushewa. Wani yaro a gefe ya ƙunshe dariya. Kawu ya haura sittin, kuma shi ke jan su salla a wannan fadamar. Ya ce kife wayar ya yi a ƙasa, har aka tashi bai ƙara ɗaga kai ba.

Ban ɗauki minti goma ba na gano inda tallar ke fitowa. Daga manhajar da aka ce ita ce ke tsare wayar take, wadda muke kira antibairos. Kuma ni na sa masa ita da hannuna, bara, ranar da ya sayo wayar daga birni.

Duk wanda ya taɓa zama a shagon turi ko na caji ya san yadda abin yake. Mutum ya kawo sabuwar waya, a zuba masa Xender da WhatsApp, a tura karatu da waƙoƙi da fina-finai, sannan a rufe da antibairos mai koriyar garkuwa. In ka manta, shi da kansa zai tambaye ka: "Ka sa mini maganin bairos kuwa?" In ka ce a'a, gani yake ba ka iya aikin ba. Mu ma da zuciya ɗaya muke sawa, don haka muka tarar ana yi.

Na zauna na lura da ta wayar Kawu sosai. Kusan duk lokacin da aka buɗe sai ta yi ja, ta nuna an gano barazana. Ka danna, wata tsintsiya ta yi ta zagaye, ta koma kore, sai talla ta biyo baya. Bayan awa ɗaya ta sake yin ja, alhali ba a sauke komai ba. Kawu ba ya karanta Turanci, amma ya san ja haɗari ne, don haka duk lokacin da ya gani sai ya danna, kuma kowace dannawa kuɗi ce ga wani can da bai san akwai wani gari Wasai ba. Datar da ya saya don ya ji farashin albasa daga dillalinsa, can take tafiya. Cajin da ya biya da safe, kafin azahar ya yi ƙasa. Shekara guda yana ɗora laifin a kan sabis, wani lokaci a kan yaran gida, har ya taɓa yi wa ƙaramin ɗansa faɗa wai yana ɗaukar masa waya da dare. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Kada wani ya ce ai don ƙauye ne. A shekarar 2019 wata cibiyar gwaji da ke ƙasar Ostiriya, AV-Comparatives, ta ɗebo manhajojin antibairos 250 daga Google Play, ta gwada su da miyagun manhajoji 2,000 da aka riga aka sani. Guda 80 kacal suka iya kama fiye da kashi 30 cikin ɗari ba tare da yin ƙarar banza ba. Da yawa daga cikin sauran ba sa binciken komai, jerin sunaye kawai suke dubawa: in sunan manhaja yana ciki ta wuce, in ba ya ciki a ce muguwa ce. Har an sami waɗanda suka kama kansu da kansu, don masu su sun manta ba su sa sunansu a jerin ba. A watan Fabrairun 2020 kuma Google ya kori manhajoji kusan 600 daga kasuwarsa saboda tallace-tallace masu kutse, ciki har da na kamfanin Cheetah Mobile, masu Clean Master, sunan da babu mai shagon turi da bai sani ba. To amma korar da aka yi a can ba ta iso nan ba. Mu ba daga Google Play muke ɗauka ba. Tsofaffin kwafi ne ke yawo a memori, daga wannan waya zuwa waccan ta Xender, shekara da shekaru, babu mai sabunta su, babu mai tambayar daga ina suka fito.

Manyan ma ba su fita ba. A Janairun 2020 aka bankaɗo cewa Avast, wanda ɗaruruwan miliyoyin mutane ke amfani da shi, yana tattara bayanan shafukan da mutane ke shiga yana sayarwa ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Kafin watan ya ƙare suka rufe reshen, a 2024 kuma hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa su biya dala miliyan 16.5. Norton kuwa a 2021 ya cusa wa antibairos ɗinsa manhajar haƙar kuɗin intanet, wanda ya kunna ta kamfanin ya yanki kashi 15 cikin ɗari na abin da ya samu.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na watan Agustan 2020, lokacin da masu binciken Secure-D na kamfanin Upstream suka ce sun ga wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 ɗauke da miyagun manhajoji Triada da xHelper tun daga kwali, mafi yawa a Habasha da Gana da Kamaru da Masar da Afirka ta Kudu. Aikinsu su yi wa mutum rajistar abin da bai nema ba a ɓoye, a riƙa yankar masa kuɗin kati. Ko an maida wayar yadda ta fito daga kamfani, abin yana nan. Kamfanin Transsion da ke ƙera wayar ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta shigo, kuma ya fitar da gyara. Ina tuna wannan labarin duk lokacin da wani ya zo yana rantsuwa ya sa kati da dare, da safe babu. Sau nawa muka ce masa shi ne ya danna wani abu bai sani ba?

Wani zai ce to a sayi na kuɗi mana. Na saya. Shekara biyu da suka wuce na sayi katin lasisi na wani kamfani, mai lambar kankarewa, na sa a kwamfutar shago. Lokacin rajistar JAMB, ɗalibai sun cika benci, sai ya kama manhajar firinta ya kulle, wai muguwa ce. A makon kuma wata ɗaliba ta kawo filas, bairos ɗin nan mai ɓoye fayil ya bar maka gajerun hanyoyi ya shige ta gabansa bai ce uffan ba. Da na yi wa kwamfutar fomat na sake sa lambar, sai aka ce an riga an yi amfani da ita. Na rubuta musu saƙo sau uku. Sau uku na'ura ta amsa mini da Turanci, da wata lambar ƙorafi, da alkawarin za a tuntuɓe ni. Lambar wayarsu ta ƙasar waje ce. Wata bakwai da suka rage mini haka suka bi ruwa, amma saƙon "sabunta lasisinka" bai taɓa fashin zuwa ba.

Manomi in ya sayi maganin feshi ya ga jabu ne, aƙalla ya san rumfar da ya saya. Ran kasuwa zai koma, ya ɗaga murya, a tara mutane, ko sarkin kasuwa ya shiga. A wannan kuwa wa za ka kama? Mai shagon da ya sa maka, shi ma bai san wanda ya ƙera ba.

Ba cewa nake duk antibairos ƙarya ne ba. Akwai na gaske, kuma bairos ma gaskiya ne, na ga aikin ɗalibi na wata uku ya salwanta a filas. Amma tun daga Windows 8 kwamfuta da nata maigadin take zuwa, Defender, wanda mu da kanmu muke kashewa don mu sa wani. Android ma tun 2017 tana da Play Protect a ciki. Ba su cika goma ba, sai dai ba sa watsa wa dattijo hoton caca a gaban jama'a. Ni dai daga Talatar nan na goge wannan babban fayil na antibairos daga memorin shago. Mutum biyu sun riga sun yi fushi sun tafi wani shagon don na ƙi sa musu. 'Yan'uwana masu turi da gyaran waya, na Minjibir da Kunya da kewaye, don Allah in kuna da irinsa ku buɗe ɗaya a wayarku, ku bar shi kwana biyu, ku ga abin da yake yi kafin ku ƙara sa wa uban wani.

Da na cire na miƙa wa Kawu wayar, ya juya ta, ya nemi koriyar garkuwar bai gani ba.

"To yanzu wa zai tsare ta?"

Na buɗe masa na cikin wayar na nuna masa, na ce kada ya bari kowa ya ƙara tura masa wani, ko da ni ne. Na kuma gaya masa gaskiya cewa ni na jawo masa, yaronsa bai taɓa masa data ba. Ya yi shiru, ya naɗe wayar cikin ledarta. Har ya kai bakin ƙofa sai ya juyo.

"Abu ɗaya nake so. Ka zo fadama ka gaya musu da bakinka ba ni na sa hoton nan ba. In ni na faɗa, za su ce kare kaina nake."

Gobe in Allah ya kai mu zan rufe shago da azahar in hau babur. Ya ce in zo da wuri kafin su koma ban ruwa, kuma uku daga cikin abokan nasa ma a wurina aka yi musu turi.